Waya ta uku da zoben da ta ƙulla

Cibiyar jarrabawa ce ta kwamfuta, gine-gine uku a fili ɗaya: babban gini inda ɗakin saba yake (saba ita ce babbar kwamfutar da sauran ke dogaro da ita), zauren gabas, sai zauren yamma da ofisoshi ke manne da shi. Kowane zaure faiba ɗaya ce, wato wayar sadarwa mai zaren gilashi, ta haɗa shi da ɗakin saba. A daminar bara masu gyaran magudanar ruwa suka sa diga suka datse wadda ta tafi yamma, ɗalibai suka yini zaune gaban kwamfuta ba abin da ke buɗewa. Shi ya sa mai cibiyar ya kira ni, ya ce a ja wata faibar tsakanin zaurukan biyu, in an sake yanke ɗaya sai a bi ta ɗayar.

Tunaninsa daidai ne. Sai dai waya ta uku zobe take ƙullawa: daga saba zuwa gabas, daga gabas zuwa yamma, yamma ta dawo saba. Na ce masa, "Ranka ya daɗe, jan wayar shi ne mai sauƙin. Ainihin aikin shi ne kada wayar nan ta durƙusar muku da cibiyar baki ɗaya." Ya ce wace irin magana ce wannan, ƙarin hanya kuma ya zama ɓarna?

Na ga in na tsaya bayani da fatar baki za mu kai magariba, sai na sa yarona ya ɗauko suwic biyu na ajiya, wato akwatunan da ake jona wayoyin kwamfutoci a jikinsu, muka ɗora a kan tebur. Na shiga kowanne na kashe masa kariyar zobe da ake kira STP, na haɗa su da waya ɗaya, na jona laftof ɗina a wannan, kwamfutar sakatariya a wancan, na sa ping, saƙon gwaji da ake aikawa a jira amsa, yana tafiya. Amsa na dawowa layi bayan layi, fitilun kafofi, wato ramukan da ake soka waya, na ƙyaftawa jefi-jefi. Na miƙa wa Alhaji waya ta biyu na ce shi da kansa ya soka. Ya soka. Da farko shiru, har ya fara murmushi. Can sai fitilun suka rikice, duk kafar da ke da waya ta kama walƙiya tare da 'yan uwanta ba sassauci, ping ya tsaya cak, kibiyar linzamin sakatariya ta koma tafiya da ƙyar. Na ce ya zare. Yana zarewa komai ya lafa. Ya dubi wayar da ke hannunsa ya ce, "To fa."

Na'urorin ba lalacewa suka yi ba, aikin da aka ƙera su dominsa suka yi. Suwic yana duba kowane ƙunshin bayani da ya shigo, ya karanta adireshin MAC na wanda ya aiko, wato lambar da kowace na'ura ke zuwa da ita daga kamfani, ya rubuta a jadawalinsa cewa wane yana bayan kafa kaza. In ƙunshi ya zo wa adireshin da ya sani, ta kafa ɗaya tak zai miƙa shi. In bai san mai adireshin ba, ko kuma ƙunshin na shela ne da aka aiko wa kowa da kowa, sai ya kwafa ya fitar ta duk kafofinsa, ban da wadda ya shigo ta cikinta. Shela kuwa ba ta yankewa a netwok. Kwamfuta na tashi take shelar neman adireshin IP daga DHCP, mai raba wa kwamfutoci adireshi a netwok. In tana son sanin MAC ɗin mai wani IP, tambayar ARP ma shela ce. To in waya biyu ce tsakanin suwic biyu, na farko zai fitar da shelar ta dukkansu, na biyu ya karɓi kwafin da ya zo ta wannan ya mayar ta waccan, na farko ya sake karɓa ya ɗauka sabuwa ce ya sake fitarwa. Ƙunshin IP yana ɗauke da lambar TTL, kowace rauta (na'urar da ke haɗa netwok da netwok) ya ratsa ta rage ɗaya, ta kai sifili a jefar da shi. Ƙunshin Ethernet, wanda suwic ke aiki da shi, ba shi da irinta, babu mai ƙirga sau nawa ya wuce. Duk shelar da ta faɗa zoben ta zauna ke nan, sabuwa na hawa kan tsohuwa har waya ta cika. Wanda ya taɓa ganin an kusantar da makirufo gaban lasifikarsa a wajen ɗaurin aure ya san abin: ƙarar da ta fita ita ke komawa, ba ta dainawa sai an janye. Jadawalin MAC ɗin ma birkicewa yake, domin suwic yana ganin adireshi ɗaya na shigowa ta wannan kafa yanzu, ta waccan an jima, sai ya yi ta goge rubutunsa, har saƙon da ke da mai shi ya rasa hanya.

Maganin ya girmi duk yaran da ke zama a zaurukan nan. A 1985 Radia Perlman, injiniya a kamfanin Digital Equipment Corporation na Amurka, ta fito da lissafin da ya zama STP, wato Spanning Tree Protocol, ƙungiyar IEEE ta mayar da shi ƙa'ida a 1990 da lamba 802.1D. A zamanin wasu na'urori ne da ake ce wa gadoji, masu kafofi ƙalilan, ke haɗa sassan netwok, suwic ɗin yau kuwa gadar ce aka yawaita mata kafofi. Dabarar ita ce a bar wayoyi da zobensu, na'urorin su yi shawara tsakaninsu su zaɓi ɗaya ya zama tushe, kowanne ya nemi hanya mafi araha zuwa gare shi, kafar da ta rage wadda za ta rufe zobe a toshe ta. Wayar tana nan jone, ba ta ɗaukar kaya, saurare kawai take. Ran da babbar hanya ta yanke sai a buɗe ta. Shawarar da wasu 'yan saƙonni ake yin ta, BPDU, suna fita duk daƙiƙa 2.

Yawancin suwic masu saiti da STP a kunne suke fitowa daga kwali, shi ya sa abokan sana'a da yawa ke cewa ai yana nan, a jona kawai. Ni ban yarda da wannan ba. STP ɗin da aka bari yadda ya zo zai toshe wata kafa, amma wacce, sa'a ce kawai.

Kafin a taɓa faiba muka fara da zagaye, ni da yaron, da takarda da biro. Mun bi kowace waya daga inda ta taso zuwa inda ta sauka, muna rubuta lambar kafa. Aiki ne mai gundura, ga ƙura a saman silin, amma a nan ake gano abin da ba a faɗa maka ba. Jerin kayan da aka ba ni bai ambaci ƙaramin suwic ɗin da ke ƙarƙashin teburin magatakarda ba, bai ambaci wani da aka rataye da igiya a bayan allon zauren gabas ba. Da muka gama taswirar na shiga babban suwic na ɗakin saba na buga show spanning-tree. Ba shi ne tushe ba. Ya nuna mini kafar da yake bi zuwa tushen, na bi ta zuwa yamma, na yamma ya nuna wata kafar, na bi ta har ofishin kuɗi. Can na tarar da shugaban netwok ɗin: wani tsohon suwic mai gudun megabit 100, a kan kabad, fayil-fayil sun danne shi, an jona shi a soket ɗaya da fanka.

Yadda ya ci zaɓen ba abin mamaki ba ne. Kowane suwic yana da lambar shaida mai kashi biyu, lambar fifiko a gaba, adireshin MAC a baya, kuma mai ƙaramar lamba shi ke ci. Duka da fifikon 32768 suke zuwa, sai a yi kunnen doki, hukunci ya koma kan MAC, wanda sau da yawa tsohuwar na'ura ce ke da mafi ƙanƙantarsa. Lokacin da babu zobe wannan bai dami kowa ba, tunda ba kafar da za a toshe. Da mun jona faiba ta uku a haka, lissafin zai canza. Suwic ɗin yamma shi ya fi kusa da tushe, na saba da na gabas kowanne zai bi wayarsa kai tsaye zuwa yamma, wadda za a toshe ita ce tsakanin saba da gabas. Wato kowane ɗalibi a zauren gabas sai amsarsa ta zaga ta yamma kafin ta isa saba, alhali ga faiba miƙaƙƙiya an kulle. Sannan duk yammacin da akawu ya tashi ya kashe soket, tushe ya mutu, a sake zaɓe, kafar da aka toshe ta sauya wuri, da safe ya kunna a sake wani.

Na ba babban suwic fifikon 4096, na gabas 8192 ya zama mataimaki, na yamma na bar shi yadda yake, tsohon na ofishin kuɗi na kai shi can ƙarshe, 61440. Lambar da 4096-4096 take hawa, domin ɓangarenta na ƙasa an ware shi wa lambar VLAN, wato rukunin da ake raba netwok ɗaya zuwa gare su, shi ya sa yarona ya ga 32769 a fuskar laftof ya ce, "Oga, wannan an taɓa shi." Ba a taɓa ba, 32768 ne aka ƙara ɗaya na VLAN na farko. Wasu kan ba tushe sifili su huta. Ni ina barin sifilin domin ran da za a sauya babban suwic, a samu lambar da za a miƙa wa sabon mulki da ita ba tare da an taɓa tsohon ba. Kafar da ke fuskantar ofishin kuɗi kuma na sa mata Root Guard: ko wani ya jona na'ura mai ƙaramar lamba a can, kafar za ta ƙi wucewa da kaya har sai ta daina da'awar.

Daga nan na zauna na fitar da amsar a takarda tun kafin na'ura ta faɗa mini. Kowace waya tana da farashi gwargwadon gudunta. A tsohon ma'auni megabit 100 farashinta 19, gigabit ɗaya 4, gigabit goma 2. A sabon ma'auni gigabit ɗaya 20,000 ce, megabit 100 kuma 200,000. Inda aka gauraya na'urorin kamfanoni daban-daban dole a duba wane ma'auni kowacce ke bi, in ba haka ba wani ya ce 4 wani ya ce 20,000 a kan waya iri ɗaya, hanya ta karkace. Namu manyan ukun na daidaita su. Faibobin duka gigabit ne, saboda haka gabas da yamma kowanne nisansa da tushe ɗaya ne. A kan sabuwar wayar sai a koma ga lambar shaida, gabas mai 8192 ya ci, kafar yamma ce za ta toshe. Na zagaye ta da jan biro.

Batun lokaci shi ya sa ban bar su a kan tsohon STP ba. A tsohon tsari kafa kan yi daƙiƙa 15 tana saurare, ta ƙara 15 tana koyon adireshi, kafin ta fara wucewa da kaya. In yankewar ba a jikinta ta faru ba, sai ta fara jiran daƙiƙa 20 ta tabbatar labarin da ke hannunta ya tsufa, jimla 50. Daƙiƙa 50 a ofis ba komai ba ne, amma a zauren da agogo ke ci wa yaro lokaci, ihu za ka ji. A 2001 aka fito da RSTP, sabon STP mai sauri, da lamba 802.1w, aka shigar da shi cikin 802.1D a 2004. Shi kafar ajiya tun farko ya san ta, babbar hanya na faɗuwa yake juyawa kanta, maƙwabta kuma tambaya da amsa suke yi kai tsaye maimakon zaman jiran agogo. Na mayar da duk masu iyawa kansa. Tsohon na ofishin kuɗi bai iya ba, amma ba laifi, kafar da ke magana da shi ce kaɗai ke komawa tsohon yare.

Ba a nan gizo ke saƙa ba, a kafofin kwamfutoci yake. Na sha zuwa wuraren da aka kashe STP ɗungurungum, in ka tambaya a ce ai shi ke hana kwamfuta samun adireshi da safe. Ƙorafin gaskiya ne: kwamfuta ta tashi ta yi shelar DHCP, kafa na cikin daƙiƙa 30 ɗinta na jira, ba amsa, sai ta ba kanta adireshin nan mai farawa da 169.254 da ba ya kai ta ko'ina. Amma kashe kariyar gaba ɗaya saboda wannan ganganci ne. Abin yi shi ne a gaya wa suwic cewa wannan kafar ta gefe ce, kwamfuta ce a bayanta, ya buɗe ta nan take. A na'urorin Cisco PortFast ake ce masa. Akwai riba ta biyu da ba a cika lura da ita ba. Kafar da ba a sanya ta gefe ba, duk sanda ta buɗe sai a ɗauka taswirar netwok ce ta canza, a sanar da sauran, su zubar da adiresoshin da suka koya su sake koyo, alhali a ƙa'ida adireshi kan yi daƙiƙa 300 a jadawali. Ka ƙiyasta zaure guda ana kunna kwamfutoci layi-layi.

Kafar gefe kuwa amana ce aka ba ta, dole a sa mata mai gadi. BPDU Guard aikinsa ɗaya: kwamfuta ba ta aika BPDU, in kafar gefe ta ji shi to wani abu ne aka jona, sai ta rufe kanta. Zoben da na fi gani a aikina ba mugunta ke kawo shi ba. Mai sa ido ne ko mai shara ya ga bakin waya a ƙasa, ya ga rami a bango, ya taimaka ya soka, ashe ɗaya bakin ma a bangon yake. Ƙananan suwic marasa saiti su ne ciwon kai. Wasu suna wucewa da BPDU, sai mai gadi ya ji muryar gidansu ta dawo ya rufe. Wasu haɗiye shi suke, zobe ya ƙullu a bayansu babban suwic bai sani ba, guguwar kawai yake sha. Saboda su na sa wa kafofin iyakar shela, in ta wuce kashi ɗaya cikin ɗari na ƙarfin wayar a datse. Na bayan allo mun cire shi, na magatakarda ya roƙa aka bar masa. Duk kafar da ba kowa a kanta na kashe ta.

A zauren gabas ɗin mun tarar da suwic an jera su wannan na goyon wancan, duk sanda aka ƙara layin tebura sai a ƙara ɗaya a wutsiya. Na sa aka warware, kowanne ya ja wayarsa zuwa babban na zauren. Lokutan STP na asali an lissafa su ne bisa cewa faɗin netwok ba zai wuce gada bakwai ba. A Nuwamban 2002 asibitin Beth Israel Deaconess da ke Boston ya yi kusan kwana huɗu netwok ɗinsa na tashi yana faɗuwa, likitoci suka koma takarda da biro, kuma cikin abin da aka gano har da sassan da suka zarce wannan iyaka, saboda an yi ta ɗora suwic kan suwic shekara da shekaru. Wurin da ke da injiniyoyi da kuɗi ke nan.

Faibar kanta tana da nata makirci. Zare biyu ne a ciki, ɗaya na aikawa ɗaya na karɓa. In ɗaya ya karye ɗaya ya rage, musamman inda aka bi ta akwatin nan mai juya faiba zuwa wayar tagulla, kafar da aka toshe tana iya daina jin BPDU alhali a ganinta waya lafiya lau. Sai ta ce hanya ta tafi, ta buɗe, zobe ya rufu. Mun soka faibobin kai tsaye a jikin suwic, na kunna Loop Guard da UDLD, masu tsare irin wannan matsalar, a kan ukun.

Bayan isha'i, da wurin ya watse, muka jona ta ukun. Na buga umarni a suwic ɗin yamma, kafar da na zagaye da jan biro ita ce a toshe. Na sa ping daga wata kwamfuta a zauren yamma zuwa saba, na tura yaron ɗakin saba da wayar hannu a kunne. Ya ce, "Oga, in zare?" Na ce zare. Layi ɗaya ya ɓace, na gaba ya dawo. Ya mayar, muka zare ta gabas, ita ma ƙiftawar ido. Sannan na ɗauki guntuwar waya na haɗa ramuka biyu na bango da gangan. Fitilar kafar ta mutu, rajistar suwic ta rubuta lambar kafa da dalili, ping bai ko girgiza ba. Na ƙarshe muka adana saitin kowanne, muka kashe inbata, komai ya yi duhu, aka tada janareta. Wannan gwajin ba na tsallake shi a ƙasar nan, domin saitin da ba a adana ba ɗaukewar wuta ɗaya ke share shi. Suka tashi, babban suwic ne tushe, kafar yamma a toshe.

Washegari Alhaji ya leƙa akwatin yamma ya ga fitila ɗaya ruwan lemo cikin koraye. Ya ce, "Malam, wannan ba ita ce sabuwar ba? Na biya kuɗi ka ce ba ta aiki?" Na ce tana aiki, jira ne aikinta. Akwai hanyar sa ta ɗauki kaya, MSTP na 2002 yana bari a raba VLAN gida-gida, wasu su bi nan wasu su bi can. Na ba shi shawara kada a yi, domin kayan cibiyar duk saba suka nufa, zaure ba ya neman komai wajen zaure, ƙarin saitin nauyi ne kawai ga wanda zai riƙe wurin bayana.

Abin da muka ɗan ja a kai da ma'aikacinsu na kwamfuta shi ne kafar da mai gadi ya rufe. Ana iya sa ta buɗe kanta bayan minti biyar, shi haka ya so. Na ƙi a zauruka, domin in wayar da ta jawo abin tana nan, kafar za ta yi ta buɗewa tana rufewa, ba wanda zai tashi ya nemo dalili. A ofisoshi na bar masa yadda yake so. Na nuna masa yadda zai karanta lambar kafar a rajista, ya duba taswirar da muka manna a ƙofar akwati, ya je ya zare wayar tukuna, sannan ya kashe kafar ya kunna. In ana tsakiyar jarrabawa ne, ya fara mayar da ɗalibin kan kwamfutar ajiya.